Abin da Magulmaciya Ba Ta Gani Ba

Juma'a, 8:20 na safe

Jiya labaran ƙarfe bakwai ba su fita a kan lokaci ba. Minti goma sha ɗaya tambarin gidan talabijin ɗinmu yana tsaye ƙiƙam a gaban jama'a, da ɗan kiɗan nan mai sa gyangyaɗi, kafin mai gabatarwa ta fito ta karanta labarai daga takarda, babu hoto ko ɗaya. Shekara tara ina kula da layukan kwamfutocin gidan nan, ban taɓa sanin Darakta yana iya gudu ba sai jiya. Da tumbinsa da komai ya haye bene biyu.

Bari in rubuta yadda abin yake tun kaina bai cakuɗe ba. Masu tace hoto suna hawa na biyu. Kowa ya gama aikinsa sai ya tura ta layi zuwa babbar kwamfutar ɗakin watsawa da ke ƙasa. Mai haɗa labaran bakwai shi ne Baba Almakashi, wanda ya samo sunan tun zamanin da ake yanka fim da hannu. Baba ya ce ya tura bakwai saura kwata. Kyaftin, mai kula da ɗakin watsawa, ya ce ko ƙurarsa bai gani ba. Babbar kwamfutar ta daskare ana saura minti biyar, Kyaftin ya ruɗe ya zare mata wuta, duk abin da ta riƙe na yammacin ya bi iska. Kwamfutocin tacewa kuwa suna share tarihinsu kowace asuba. Ni na tsara haka da kaina, har da alfahari.

Saura shaida guda: na'urar sa ido da ke ɗakina. Ma'aikata suna kiranta Magulmaciya, don ita ke tona asirin mai kallon ƙwallo a lokacin aiki.

Ana tsakiyar hargitsin Inna ta bugo daga gida. "Auta, talabijin ɗinku ne ya mutu ko nawa?" Na ce namu ne. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kashe wayarta.

Juma'a, 2:40 na rana

Darakta ya ce in kawo rahoto kafin a tashi. Na buɗe Magulmaciya, na jawo jerin duk abin da ya wuce daga shida da rabi zuwa bakwai. Kwamfuta ta ɗaya tana nan, ta biyu, ta biyar, ta bakwai. Ta huɗu, ta Baba, babu ita. Na rubuta cewa babu fayil ɗin da ya fita daga kwamfuta ta huɗu a wannan lokaci, na sa hannu.

Minti ashirin aikin ya ɗauke ni. Darakta ya ce da ma kowa a gidan nan yana aiki kamar ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 1:15 na rana

An dakatar da Baba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, nan da sama da mako biyu, ya yanke ko a kore shi. Wata biyar ya rage masa ya yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu.

Babu wanda ya yi mamaki, kuma wannan ne abin da ya tsaya mini a rai. Kowa ya san Baba da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, yana karanta kowane saƙo da ƙarfi kafin ya amsa mata. A ɗakin shan shayi har wani yana kwaikwayon yadda yake neman gilashinsa alhali yana bisa goshinsa. An yi dariya. Ni ma na yi, kaɗan.

Na haɗu da shi a kan bene yana saukowa da kofinsa da ɗan matashin da yake jingina bayansa. Na rasa inda zan sa idona. Shi ya fara magana: "Injiniya, sannu da aiki." Babu gatse a ciki. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Talata, 6:55 na yamma

Na tsaya yau ban tafi da wuri ba, saboda firintar sashen labarai ta sake cin takarda. Ina jira ta huce sai idona ya faɗa kan zanen Magulmaciya, layin nan kore da ke nuna yawan abin da take gani. Tun safe yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Daga shida da rabi ya haye sama, ya miƙe ɗoɗar kamar an aza masa rula, har kusan bakwai.

Shekara biyu nake ganin wannan miƙewar kowace yamma. Har burge ni take yi.

Aikin mutane ba ya miƙewa haka.

Na kashe allon, na ɗauki jakata.

Laraba, 9:00 na safe

Akwai wani shafi a cikin suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu, da ya kamata in buɗe. Ban buɗe ba.

Alhamis, 4:30 na yamma

Na share sito, na naɗe wayoyin da suka shekara uku a cukurkuɗe, na manna wa kowace suna. Na wanke kofunan ɗakin shayi, waɗanda ba nawa ba ma. Mai shara ta tsaya tana kallona ta ce, "Injiniya, in aikina kike so ki faɗa mini in nemi naki."

Ban buɗe ba.

Juma'a, 7:10 na safe

Baban yara yana shafa wa biredi man shanu ya dube ni ya ce, "Kwana uku ke nan na bar takalmina a tsakiyar falo ba ki ce komai ba. Ko mu je asibiti?" Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce shi kafinta ne, in katako ya yi shiru da yawa ya san akwai gara a ciki. Na ce ya ci biredinsa.

Yau ma ba zan buɗe ba. Juma'a ce, aiki ya yi yawa.

Asabar, 5:40 na yamma

Na je gidan Baba. Na gaya wa kaina gaisuwa ce kawai, na sayi lemo a hanya don hannuna ya sami abin riƙewa.

Matarsa ta buɗe mini. Muna kiranta Gwaggo tun lokacin da take kawo masa abinci ofis a kwano mai hawa uku. Ta amsa gaisuwata sama-sama, kuma ban ga laifinta ba. Baba yana zaune a bakin taga da takarda a kan cinyarsa. Ya rame a mako ɗaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce, "Baba, me ake rubutawa?"

Ya ce, "Takardar neman afuwa ce, 'yata. Zan gaya wa kwamiti ni na manta, a yi mini sassauci a bar ni in tafi da mutuncina."

Na ce, "Amma ai ka ce ka tura."

Ya yi ɗan murmushi. "Haka na zata. Har ina ganin abin a idona, yadda koren layin ya cika. Amma na'urarki ta ce ban tura ba. Na'ura ba ta tsufa, ni ke tsufa. Jiya Gwaggonki ta aike ni sayen sabulu, na tsaya a gaban mai shago ina tambayar kaina ko sabulu ta ce, ko ni na ƙirƙira. Na dawo gida na sake tambaya."

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce, "Mutumin da ke riƙe da ranar haihuwar jikoki goma sha ɗaya a kansa."

Na zaci aikinsa kawai rahotona ya taɓa. Ashe har kansa na sa ya daina yarda da shi.

Da ta rako ni na riƙe hannunta na ce, "Gwaggo, don Allah kada takardar nan ta bar gidan nan." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Me kika sani?" Na ce ban san komai ba tukuna. Ta ce, "To je ki sano. Ambulan dai ya ƙare a gidan nan, kuma ba za a samu ba sai na ga dama."

Litinin, 8:05 na safe

Na buɗe.

Litinin, 12:30 na rana

Zan rubuta shi dalla-dalla, ko don in daina yi wa kaina ƙarya.

Duk kwamfutocin gidan nan a suwic suke haɗuwa, akwatin nan mai fitilu da ke rarraba wa kowa layinsa. Magulmaciya ba ta zaune a kan hanyar kowa. Kafa guda aka ware mata a jikin suwic, yana kwafo mata duk abin da ke wucewa yana zuba mata ta nan. Shekara biyu da suka wuce muka faɗaɗa layukan masu tacewa zuwa giga goma kowanne. Kafar Magulmaciya giga ɗaya ce, kuma a haka na bar ta. Na tuna ranar sarai. Na ce zan dawo kanta in an gama hidimar, har na rubuta a bayan hannuna da biro. Na wanke hannu da yamma.

Da rana babu matsala, abin da ke wucewa bai kai ya cika kafar ba. Amma daga shida da rabi, lokacin da mutum takwas ke tura manyan hotuna a tare, kamar a juye bokiti ne a bakin kwalba. Abin da ya shiga ya shiga, saura ya zube, kuma suwic ba ya kuka, ba ya kunna jar fitila. Yana dai ƙirgawa a wani shafi da babu mai buɗewa. Lambar da na gani yau sai da na bi ta da yatsa: fakiti, wato guntayen saƙo, sama da biliyan huɗu aka zubar.

Ga mafi muni. Magulmaciya ba ta rubuta hira tsakanin kwamfutoci biyu sai ta ji sallamar farko. In sallamar tana cikin abin da ya zube, ko da ta tsinci guntayen hirar daga baya watsar da su take yi, don ba ta san na wa ba ne. A jerinta sai ya zama kamar ba a yi hirar ba sam.

Ke nan ban san ko Baba ya tura ba. Ban taɓa sani ba. Na sa hannu a kan abin da ban sani ba.

Abin mamaki, tun da na buɗe nake jin yunwa. Na ci biredi biyu da ƙwai.

Talata, 11:20 na safe

Na shiga wajen Darakta. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa, da na kai kan bokiti da kwalba ya ajiye shi.

"Injiniya, kina gaya mini rahotonki ƙarya ne?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Nawa."

"Na riga na aika wa hukumar gudanarwa. Da sa hannunki a ƙasa, da nawa a ƙasan naki." Ya yi kicin-kicin da fuska. "Kin san in aka buɗe wannan maganar, ke za a juyo a kai?"

Na ce na sani.

Ya ce shi ba ya gane fakiti, abin da ido ya gani yake ganewa. In nuna wa kwamiti a aikace ranar Alhamis ɗin nan. Na fito zuciyata wasai. Ban tambaye shi ƙarfe nawa ba, kuma nan na yi wauta.

Laraba, 3:00 na rana

Kyaftin ya tare ni a bakin ɗakin watsawa, idonsa ja. "Wato so kike a ce ya iso, ni na ɓatar da shi da na zare wuta? Ni ma ina da 'ya'ya, Injiniya." Na ce ban ce ya iso ba, ban ce bai iso ba, cewa na yi na'urata ba ta isa ta ba da shaida a kan kowa ba, har da shi. Ya ce magana ce mai daɗi, amma kwamiti wuyan wani yake nema. Ya shige ya rufe ƙofa.

Ban ji haushinsa ba. Tsoro ne, na san kamanninsa, kwana biyar na yi ina share sito da shi.

Alhamis, 11:45 na safe

Ƙarfe goma na safe suka zo. Goma na safe! Lokacin da rabin masu tacewa ba su gama shan shayi ba, layin gidan nan fayau kamar titi ranar hutu.

Na ce a bari sai yamma. Darakta ya ce 'yan kwamiti suna da wasu ayyukan. Aka tura fayil goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, Magulmaciya ta rubuta goma sha biyu cif, ko ɗaya ba ta zubar ba. Yau ta ga damar zama mutuniyar kirki.

Shugabar kwamitin lauya ce, mace mai ɗan ƙaramin gilashi da ba ta ɓata kalma. Ta rufe littafinta ta ce, "Mun gode, Injiniya." Wani daga cikinsu ya ce a hankali, amma don in ji, tausayin tsoho abu ne mai kyau, sai dai ba a gina hukunci a kansa.

Na shiga banɗaki na yi kukana na minti biyar, na wanke fuska.

Alhamis, 6:10 na yamma

Na dawo gida da wuri na kwanta a kujera. Inna ta zo ta tsaya a kaina da carbinta. Na ba ta labari tun daga farko, har da bokiti da kwalba. Ta ce ita ba ta san giga ba, amma tambaya ɗaya gare ta: "Abin nan da yamma yake yi?" Na ce e. Ta ce, "To me kike yi a kujerata da yamma?"

Juma'a, 7:20 na yamma

Na sami dabara, kuma ba ta zamani ba ce. Takarda da biro.

Na hau hawa na biyu na roƙi masu tacewa: duk wanda ya danna turawa daga shida da rabi, ya ɗaga murya ya faɗa, ni kuma in rubuta lambar kwamfutarsa da minti. Da farko suna jin kunya. Mai tace wasanni ce ta fara, ta miƙe tsaye ta ƙwala, "Ta biyu, na tura!" kamar mai talla a tasha. Aka fashe da dariya, daga nan kowa ya saki jiki. "Ta bakwai, na tura!" "Ta biyar, na tura, a gaida Magulmaciya!"

Takardata: goma sha huɗu. Jerin na'ura: tara.

Na zauna a kan bene ina kallon lambobin biyu, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Litinin, 7:15 na yamma

Goma sha shida a takarda, goma a na'ura.

Wanda ya kwaikwayi Baba a ɗakin shayi, yau nasa biyu ne suka ɓace daga jerin. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ke nan da ni ne ranar nan..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba.

Talata, 10:00 na safe

Na rubuta wa Lauya kai tsaye, na haɗa da takardun kwana biyu, na janye rahotona a rubuce. Na roƙi abu ɗaya: zaman yanke hukunci na jibi a fara shi ƙarfe shida na yamma, a hawa na biyu. Na kai wa Darakta kwafi da hannuna don kada ya ji a bakin wani. Ya karanta ya ce, "Kin tsallake ni." Na ce, "Na biyo ta kanka, ranka ya daɗe, ga shi a hannunka." Ya kusa yin dariya, ya dai danne.

Baban yara ya ce in aka kore ni yana neman mai riƙe masa katako. Na ce albarka.

Laraba, 2:30 na rana

Lauya ta amsa da layi ɗaya. Ƙarfe shida.

Na buga wa Gwaggo. Ta ce Baba ya zagaye unguwa neman ambulan, ta riga ta bi masu shago uku ta ja musu kunne.

Juma'a, 6:40 na safe

Jiya ban iya rubutu ba. Yanzu gidan shiru, bari in rubuta kafin yara su tashi.

Sun zo su uku, da Darakta. Baba ya zo da rigarsa mai guga, ya zauna a kujerar baƙi kusa da ƙofa, kamar ba a ɗakin nan ya tsufa ba. Lauya ta karɓi biro daga hannuna ta ce ita za ta rubuta. Ta ce kuma tana son wani a ƙasa ya riƙa tabbatar da isowar kowane fayil ta waya. Kowa ya san wane ne a ƙasa. Na buga. Kyaftin ya ɗauka, na faɗa masa. Ya ce, "Sa ni a lasifika."

Shida da rabi ɗakin ya kaure. "Ta biyu, na tura!" Muryar Kyaftin daga waya: "Ya iso." "Ta shida, na tura!" "Ya iso." Lauya tana rubutu ba ta ɗaga kai. Bakwai saura kwata ta tashi da kanta, ta zauna a kwamfuta ta huɗu, ta tura fayil sau uku a jere. Sau uku Kyaftin ya ce ya iso.

Bakwai ta buga, labarai suka fita lafiya, muka sauka ɗakina gaba ɗaya. Goma sha bakwai a takardar Lauya. Goma sha ɗaya a jerin Magulmaciya. Cikin ukun da Lauya ta tura da hannunta, ɗaya kawai na'urar ta sani.

Mutumin da ya yi maganar tausayin tsoho ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

Sai Baba ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne, kowa ya ji. "'Yata, to yanzu na tura ko ban tura ba?"

Na so in ce masa e. Wallahi na so. Na ce, "Baba, ban sani ba. Na'urar ba ta gani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. A duk ginin nan mutum ɗaya ne yake gaban kwamfutar a lokacin."

Lauya ta cire gilashinta ta ce, "Malam, mu ma ba mu taɓa tambayarka yadda ya kamata ba. Me ka tuna?"

Baba ya gyara tsayuwa. Sannan ya ce ya gama haɗawa bakwai saura minti goma sha bakwai, ya sake kallon rahoton ƙarshe saboda sunan wani ya fito ba daidai ba, ya gyara, ya danna, ya jira koren layin ya cika, sannan ya sa gilashinsa a aljihu. Muryarsa tana ƙara ƙarfi yana tafiya. Ya ce, "Na tura."

Lauya ta rubuta.

Litinin, 1:00 na rana

An janye dakatarwar. Kwamiti ya ce ba a san abin da ya sami fayil ɗin ba, kuma ba za a ɗora wa kowa abin da ba a sani ba. Kyaftin ya kawo mini shayi har ɗakina, ya ajiye ya fita. Sukari ya yi yawa, na shanye.

Ni kuma na sami takardar gargaɗi, ta farko a shekara tara. Na cancanta. Na karanta ta sau biyu, na ga har sun yi mini adalci a wajen zaɓen kalmomi.

Laraba, 4:20 na yamma

Na mayar da Magulmaciya kan kafa mai giga goma, na rage abin da ake kwafo mata zuwa layukan da suka zama dole. Ko haka ma wata rana za ta cika, don aikin gidan nan ƙaruwa yake yi. Saboda haka na sa ta riƙa buga adadin abin da aka zubar a saman kowane rahoto da manyan lambobi, kafin ta faɗi komai a kan kowa.

Alhamis, 7:10 na yamma

Baba ya dawo tun Talata, masu tacewa suka tarbe shi da tafi. Amma na lura da wani abu. In ya tura labarai, sai ya tashi, ya kama ƙarfen bene, ya sauka hawa biyu da gwiwoyin nan nasa har ɗakin watsawa, ya leƙa allon Kyaftin, sannan ya hawo yana haki. Kwana uku ke nan a jere.

Yau na tare shi a tsakiyar bene. Na ce, "Baba, na gyara na'urar, yanzu tana ganin komai. Ba sai ka sauka ba."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ba na'urarki nake dubawa ba. Kaina nake dubawa."

Na matsa na ba shi hanya. Wannan ba abin da zan gyara da waya da sukurdireba ba ne, kuma ni na jawo shi. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar da na zo da lemo mai tsami. Ya ci gaba da sauka.

Litinin, 7:05 na yamma

Ya sauka.

Laraba, 7:05 na yamma

Ya sauka, amma sai da ya tsaya hira da mai tace wasanni tukuna.

Juma'a, 7:02 na yamma

Bakwai saura kwata ya danna. Ina tsaye a bayan ɗakin ina yi kamar ina duba wata waya. Koren layin ya cika. Ya dafa tebur zai tashi, ya ɗan tsaya a haka, rabi a tsaye rabi a zaune. Sai ya koma ya zauna, ya gyara matashinsa, ya jawo kofinsa.

Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Injiniya, in kin gama yi kamar kina aiki, zo ki zuba mini ruwan zafi."

Yau bai sauka ba.